Numfashin Hure

Rusaifa, Makka
Shawwal, 1388

Yaya Ɗaso,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ina sanar da ke, ke kuma ki sanar da dangi, cewa an haramta kashe tururuwa a gidana. Matata Hure ce ta kafa dokar. Yanzu da tsintsiya ake raka su bakin ƙofa kamar baƙi.

Tushen abin maƙwabciyarmu ce, Hajiya Maryama, wata tsohuwa 'yar ƙasar Bama. Cikin addinin Buda ta tashi, aure ya kawo ta Musulunci, kuma ta riƙe shi da kyau. Sai dai ta taho da tarbiyyar gidansu: kada a cutar da mai rai, kada a guji marar lafiya. Tun da murar nan ta shigo unguwa tana kwantar da mutane gida-gida, tsoro ya hana Hure sukuni. Kin san ciwon ƙirjin da take fama da shi. Tsohuwar ta koya mata zama shiru, ido a rufe, tana bin numfashinta yana shiga yana fita. Na ce musu na karanta labarin Buda a littattafan Larabawa, shi ma ciwo ne ya kashe shi. Hajiya ta ce ai ba magani ba ne. Na ce to ni tun ranar haihuwata nake numfashi, ban nemi malami ba.

An binne maƙwabcinmu Rabe mai shayi ranar Juma'a. A gaida yara.

Ƙanenki,
Idris

Kano

Idris,

Ina gaishe ka, ina yi muku jajen annoba. Wasiƙarka ba ta ba ni dariya ba. Kai komai abin wasa ne tun kana yaro, karatun ma bai raba ka da halin ba. Mutane suna sayar da gonakinsu don su mutu a Makka da imani, kai kana zaune gab da Ɗakin Allah matarka tana koyon ibadar masu gunki? Ranar da ajali zai zo, numfashi za ta ambata ko Allah? Ka raba ta da matar nan. Ban ce ka yi shawara ba.

Allah ya tsare ku.

Yayarka,
Ɗaso

Rusaifa

Yaya,

Gaisuwa da biyayya. Na cika umarninki. A bakin ƙofa na tare Hajiya Maryama, na ce mun gode, ya isa haka. Ta ce ba komai, ta yi mini fatan lafiya, ta wuce gidan Rabe inda take jinyar matarsa. Na so a ce ta zage ni.

Hure ta kwanta. Asibiti ya cika, likita ya ba mu allura ya ce mu koma gida. Matan unguwa da ke cika mana tsakar gida ranar biki, yanzu daga waje suke sallama, kuma ban ga laifinsu ba. Ciwon ya sauka ƙirji. Idan shaƙewar ta taso sai ta firgita, firgitar ta ƙara shaƙe ta, ta damƙi rigata idanu waje. Ina laƙƙana mata kalmar shahada, tana farawa, numfashi ya yanke kafin ta kai ƙarshe. Abin da ya fi ciwon tsorata ta ke nan. Jiya ta yi ta nuna mini bangon da ya raba mu da gidan Hajiya. Na yi kamar ban gane ba.

Duk littattafan da ke ɗakin nan, babu wanda ya faɗi yadda namiji zai ƙwanƙwasa ƙofar wadda ya kora.

A sa mu a addu'a.

Idris

Rusaifa

Yaya,

Assalamu alaikum. Hure ta rasu ranar Talata da hantsi, an sallace ta a Harami.

Kafin ta cika, na je na kira Hajiya, ta taso ba ta tambaye ni komai ba. Ta zauna ta riƙe hannun Hure, tana numfashi a hankali, tana cewa, "Bi ni, 'yata, kada ki yi kokawa da shi." Ciwon bai tafi ba, firgitar ce ta tafi. Hure ta faɗi kalmar shahada cikakkiya, a natse, na ji da kunnena.

Ba na ɗora miki komai, ni ne na tsaya a bakin ƙofar. Na ɗauka abin wasa ne. Na yi kuskure.

Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Idris