Kifin da Manase Ya Ƙi Saki

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafarki? Yaya mutanen Vava'u duka? Ina fatan ruwan saman bai ɓata miki rogo ba.

Mama, ki zauna kafin ki ci gaba. Baba yana asibiti a nan Wollongong, amma yana da rai, yana cin abinci, har yana yi wa ma'aikata tsiya. Haƙarƙarinsa ne ya karye.

Surukinki Manase ne ya jawo. Tun da Baba ya zo mana ziyara nake roƙonsa, in fatsa za su yi, su tsaya kan katangar duwatsu ta tashar jirgin ruwa, inda iyalai ke kama ƙananan kifaye. Ran Asabar sai ya kwashi tsoho mai ciwon gwiwa ya kai shi kan duwatsun Port Kembla, can bakin teku, ba rigar ceto. Wai manyan kifi a can suke.

Ƙugiyar Manase ta kama wani ƙaton kifi mai rawayar wutsiya. Baba ya sauka ƙasa don ya taya shi ɗagowa, igiyar ruwa ta zo ta share shi. Mama, mijina yana kallon ubana a cikin kumfa, bai saki sandar fatsar ba! Wani dattijo ɗan Vietnam mai suna Quang shi ya jefa wa Baba tayar ceto da ake ajiyewa a wurin, ya yi ta jawo shi har igiyar tayar ta yayyanke masa tafin hannu.

Kuma kin san abin da ya fi ƙona mini rai? Ya kawo kifin gida. Ya sa a firji, wai a yi wa Baba da madarar kwakwa in ya fito. Na ce, "Ka dafa ka ci kai kaɗai, ya tsaya maka a wuya." Na fitar masa da kayansa gareji.

Ki yi mana addu'a.

'Yarki,
Lesieli

Mama abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Saƙonki ya iso ta hannun matar limamin coci. Kin ce in yi haƙuri, namiji ne. Mama, wannan haƙurin ban san inda ake samo shi ba.

An sallami Baba. Yana shigowa ya fara kare surukinsa. "Ke, rabu da yaron nan, ni na ce kada ya saki. Kifi kamar ɗan maraƙi, a sake shi don ni?" Na ce, "Baba, da wane bakin? Wanda ya cika da ruwan gishiri?" Sai ya juya kai yana tari. Ƙarya yake yi don kada aurena ya mutu, ni kuma hakan ya ƙara tunzura ni.

Ran Lahadi Manase ya zo da kawunsa, suka zauna a ƙasa a bakin ƙofa suna ba da haƙuri. Ya ce hannunsa ne ya ƙi buɗewa, shi ma bai san me ya same shi ba. Na ce ba ni zai fara ba wa haƙuri ba, ya je ya ga hannun mutumin da ya yi masa aikinsa.

Ya je. Matar Quang ta ba shi shayi, sannan ta ɗauko hoton ɗansu. A kan dutsen nan ne igiyar ruwa ta ɗauke shi, har yau ba a ga gawarsa ba. Tun daga lokacin mijinta yake zuwa duk Asabar ya zauna kusa da tayar. Ta ce sau da yawa ko abincin kifi ba ya sa wa ƙugiyarsa.

Manase ya dawo ya zauna a mota ya daɗe bai fito ba. Da na leƙa, sai na ga ƙaton mutumin nan yana kuka kamar an yi masa mutuwa. Na buɗe masa ƙofar gida.

Baba zai taso gida ran Alhamis. In ya fara ba mutane labarin a wurin shan kava, abin shanmu na gargajiya, yana dariya, ki gaya masa 'yarsa ba ta yi dariya ba.

A gaida kowa.

'Yarki mai kewarki,
Lesieli