Littafin Girkin Ganye da Farin Kwanon Baba

Anti, don Allah ki taimake ni, na gaji da zama abin dariya a gidanmu.

Bana na gama jami'a, ina gida ina jiran aiki. Likita ya ce Baba na da hawan jini, ya rage gishiri da mai da jan nama, ya yawaita kayan lambu. Ni na raka shi, da kunnena na ji: ragewa aka ce, ba dainawa ba. Tun ranar na karɓi girkinsa. Umma na dafa na gida, ni ina dafa nasa a 'yar tukunya: kabeji, karas, alayyahu, in tafasa in tsane, in zuba a wani farin kwano mai murfi. Ƙannena sun raɗa wa kwanon suna "asibiti". Yayana kuwa cewa ya yi in aiki ya ƙi samuwa in fara kiwon zomaye, tunda na ƙware a abincinsu.

Baba ba ya ƙorafi. Zai ɗan taɓa, ya sa min albarka, ya rufe. Ashe in ya fita da yamma wurin mai gasa nama na bakin titi yake biyawa. Wajen wanki na gane, da na ga takarda mai maiƙo a aljihun rigarsa. A awon ƙarshe kuma jinin bai sauka ba, ya ma ɗan hau.

To, a shagon littattafai na kusa da tasha na ga littafin girki na kayan lambu zalla. Na yi ta zuwa ina karantawa a tsaye, har mai shagon ya tambaye ni ko a kawo min kujera da shayi. Na haddace girki ɗaya: a yanka kabeji manya-manya, a gasa a kasko sai gefensa ya yi ja, a sa tafarnuwa, a matsa lemun tsami. Na gwada. Baba ya cinye tas.

Da na ce zan saya, Umma ta ce ita ta ciyar da gidan nan tun ban zo duniya ba, ba ta taɓa buɗe takarda a gaban tukunya ba, hannu ke girki ba boko ba. Gwaggo ta ce ganye dai ganye ne ko an ɗauke shi hoto. In faɗi gaskiya, littafin da tsada, wasu girke-girken sai da obin, murhun gashi na zamani, wanda ba mu da shi, wasu ganyen kuma ban taɓa gani a kasuwa ba. Duk da haka zan saya, su yi ta dariya har haƙarƙarinsu ya yi ciwo. Ina tsoron Umma ta ɗauka raina ta na yi, ina tsoron littafin ya zama ado a kan kabad, amma na fi tsoron ranar awo mai zuwa. Na yi laifi?

'Yar Baba Mai Taurin Kai

*

'Yata, ba ki yi laifi ba. Littafin da ya sa mahaifinki ya share kwano tun ba a saye shi ba ya riga ya kawo shaida. Ki koma shagon, ki zauna a kujerar nan, ki duba da kyau. In akwai girke-girke masu yawa da kasuwarku da kaskonku za su iya, ki saya. Na obin ki tsallake su, ba jarrabawa ba ce.

Amma ba littafi kaɗai zai hana shi zuwa bakin titi ba. Ki dubi farin kwanon nan. Magidanci yana zaune cikin 'ya'yansa, kowa na cin mai ƙamshi, shi ana ajiye masa "asibiti". Kabejin yake gudu, haka ne, amma kunyar ta fi korarsa.

Umma kuma tana da gaskiyarta, littafi ba ya ɗanɗana miya. Ranar da kika karɓi girkin mijinta, kin karɓe mata wani abu ba tare da kin sani ba. Ki kai mata littafin, ki karanta mata, ki tambaye ta me za a sa a madadin ganyen da babu. Ku dafa a babbar tukunya, gishiri kaɗan, kowa ya ci har Yayanki. Su ma jinin Baba ne a jikinsu.

Zancen takarda mai maiƙo kada ki tayar a gaban kowa. Ki faɗa masa ku biyu, cikin ladabi, kuma ya ci gaba da shan magani da ganin likita.

Farin kwanon kuwa, ki wanke ki miƙa wa Yayanki, ya ajiye wa zomayen. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya kawo miki aiki mai albarka.

Anti