Wandon da Ya Dawo Daga Yamai

Maraɗi, 20 ga Mayu, 1993

Zuwa ga ƙanena Bilal,

Gaisuwa mai yawa daga yayanka. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da sabon biro ɗinka, wato ofis, da zafin Yamai. Mu nan Sabon Gari lafiya lau. Matata Zuliha na gaishe ka, ta ce tun da ka zama babban mutum ko yajin da take daka maka ba ka aiko an karɓa ba.

Ranar da muka ji an ba ka darakta, layin 'yan gwanjo gaba ɗaya nan rumfata suka taru, har waɗanda ba jam'iyyarku suka zaɓa ba. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na tuna shekarun da kuke lakwal, kuna 'yan makarantar boko, kuna fita zanga-zanga, kana dawowa da gwiwar wando a yage ina kai wa tela.

Jiya muka fasa sabuwar dilar gwanjo daga Kwatano, kuma kamar yadda na saba, kafin kowa ya sa hannu na cire naka. Wandon jin ne shuɗi mai duhu, mai nauyi. Na ɗaga shi ga rana na duba tsakanin ƙafafu, don nan ne wando ke fara cin amanar mai shi, haske bai ratsa ba ko kaɗan. Ɗinkin gefe biyu ne, bakin aljihu da ƙusoshin jan ƙarfe, zif na tafiya ba gardama. Ba irin matsattsen nan ba ne da samari ke yayi, wanda in mutum ya tsuguna sai ya riƙe numfashi. Wannan za ka zauna tahiya da shi, ka hau babur da shi, ka manta yana jikinka. Wani direban tirela ya gan shi ya nace, na ce masa ai da mai shi.

Awo kuwa irin namu na kullum na yi. Na sa maɓalli, na kama bakin ƙugun da hannu biyu na kewaya wuyana, gefe da gefe suka haɗu daidai a ƙeya. Ka san tun muna yara Inna take cewa wuyanmu ɗaya, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ina auna maka wando a wuyana ban taɓa kuskure ba. Na ba Tanimu direba, mai zuwa Yamai duk mako, zai kawo maka har biro.

Yanzu ga maganar da ta fi wando. Ranar Lahadi na je gida, can bayan Tibiri. Baba yana nan, amma ba kamar da ba, ƙafa ta fara ba shi wahala kuma yana tari. Na yi masa bayanin muƙaminka har sau uku, bai gane ba. Abu ɗaya ya tambaya, ko Ɗan'autansa zai zo kafin shuka. Lokacin yawon neman ƙuri'a sau biyu ka zo Maraɗi, kuma hanyar Yamai ta Tibiri take bi, Bilal. Na ce masa aiki ne ya yi maka yawa. Ka zo ka gan shi, ko na yini ɗaya ne.

Ka huta lafiya.
Yayanka, Ilyasu Maidawa


Maraɗi, 9 ga Fabrairu, 1994

Bilal,

Ina gaishe ka, ina kuma fata kana lafiya, ko da yake daga bakin Tanimu kawai nake sanin haka. Zuliha da yara lafiya. Kasuwa ce dai ta kwanta tun da aka karya darajar kuɗinmu sefa, dila ta yi tsadar da sai mu haɗu mu huɗu kafin mu fasa guda. Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Wandon ya dawo. Ban ce ka yi laifi don bai shige ka ba, jiki na Allah ne, kuma na ji an ce kujera ta karɓe ka. Amma wata takwas ka ajiye shi, sannan ka sa aka naɗe shi cikin takardar biro, aka buga 'yar wasiƙa da keken rubutu da Faransanci, ko sa hannunka babu. Wai ana sanar da ni cewa ya yi maka kaɗan, kuma a matsayinka yanzu wandon yadin tergal da kwat kake sawa, kada in ƙara wahalar da kaina. Ni aka buga wa wannan, ni da na goya ka zuwa lakwal ranar da gulbi ya kawo ruwa.

To, saurari abin da saƙonka ya haifar. Maidawa kawai aka rubuta a bayan ƙunshin, sunan Baba da dukanmu muke amsawa. Tanimu ya taɓa ya ji tufa ce, ya yi tunanin da kowane ɗan ƙasar nan zai yi: wa zai aika wa mai sayar da wando da wando? Yaro ya samu girma ya aiko wa ubansa sutura, shi ke nan. Da ya iso Tibiri sai ya tsayar da mota, ya taka har ƙauye, ya damƙa wa Baba a hannu a gaban mutane.

Da na je ranar Lahadi na tarar da shi zaune ƙofar gida cikin wandon. Tsoho mai shekara saba'in da wani abu, wanda tun da aka haife shi bai taɓa sa abin da ba mazagi gare shi ba. Ƙugun ya yi masa yawa, ya ɗaure da igiyar kaba, ya naɗe ƙafafun sau uku. Dariya ta taso mini, sai na ga fuskarsa, dariyar ta koma. Rabon da in ga haƙoransa a waje haka tun Inna na da rai.

Ya shiga ɗaki ya ciro 'yar takardar nan daga cikin jakar fatarsa, ya miƙo mini, ya ce in karanta masa abin da Ɗan'auta ya ce. Maƙwabta uku na zaune. Na dubi baƙaƙen, na dube shi. Sai na ji bakina yana cewa kana gaishe shi da kyau, ka zaɓo wandon nan da hannunka don ya yi ƙarko a gona, kuma kana nan tafe bayan girbi. Ya sa na maimaita wurin girbin. Sannan ya ninke ta ya mayar jaka.

Na yi ƙarya saboda kai, kuma raina a ɓace yake har yau. Hanya ɗaya ce ka fitar da ni, ka zo bayan girbi.

Ilyasu


Maraɗi, 2 ga Oktoba, 1995

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata lafiyarka ƙalau, da iyalin da na ji ka yi ba tare da ka gaya mana ba. Allah ya ba da zaman lafiya.

Girbi ɗaya ya wuce, ga na biyu ana ɗaure dammuna. Saƙonka na baka ya iso, wai manya na rigima a sama, wanda duk ya bar kujerarsa kwana biyu zai dawo ya tarar da wani a kai. Na ji. Mu ma rigimar ta iso mu, lakwal a rufe, ma'aikata na yajin aiki, masu sayen tergal sun daina leƙo rumfa. Yanzu malaman lakwal ne ke zuwa a ɓoye suna neman jin mai kauri, don sun koma kabu-kabu kuma tergal ba ya jure sirdin babur. Ina zaɓa musu da kyau, ba na tambayar kowa komai.

Baba bai cire wandon nan ba sai ranar wanki. Da shi ya yi noman bara, da shi ya yi na bana iyakar ƙarfinsa. Ranar kasuwar Tibiri samari na tsokanarsa, suna ce masa tsoho ɗan gayu, shi kuwa sai ya tsaya ya buga cinya ya ce, “Ɗana na Yamai ya aiko man shi, ku taɓa ku jiya.” Har mota ya shiga ya je Jiratawa, da wannan ƙafar tasa, don kawai ƙanwarsa Gwaggo Dada ta gani. Ta ba shi zogale cike da buhu ta ce a aika maka. Mun ci, don ban ga amfanin wahalar da Tanimu ba.

Na gan ka a watan Yuli, ranar taronku a Maraɗi. Ina cikin mutane, kana bisa dandamali cikin babbar riga. Na dubi wuyanka na ce lallai Inna ba ta ga wannan ba. Da aka tashi na matso, wani mai tsaro mai jar hula ya tare ni, kafin in faɗi sunana motarka ta tashi. Ta Tibiri kuka bi kuma.

Bari in faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa. Na san abin da kake gudu. Kana jin kunyar abokan aikinka su ga ubanka bai yin salla, su ga jan zakaran da yake yankawa a bakin gona kafin shuka, su ji yana kiranka Ɗan'auta. Ni ma na musulunta, ni ma na karɓi sunan gari, kuma ba ranar da ba na roƙa masa shiriya. Amma geron da aka shuka bayan zakaran nan shi ka ci har ka kai inda kake. Shi bai taɓa jin kunyarka ba, ga shi yana yawo da abin da ka ƙi.

Tarin ya zama wani abu dabam. Na kai shi likita, sun ba da magani, amma na ga yadda mai duba shi ya kau da ido. Yanzu igiyar kabar sai ya kewaya ta sau biyu. Duk motar da ta rage gudu a bakin hanya sai ya sa a je a duba. Ba na roƙon ka komai don kaina, Bilal. Ka zo.

Yayanka, Ilyasu


Maraɗi, 14 ga Maris, 1996

Bilal,

Na amsa gaisuwarka, mu ma muna lafiya. Takardarka ta zo, da rubutun hannunka, abin da rabona da gani shekara uku. Na karanta sau biyu. Na ji sojoji sun karɓi mulki an sallame ku, an karɓe mota da gida, abokai sun ɗauke ƙafa, kana kwana ɗakin wani a bayan gari. Ban yi murna ba, ko da yake na zaci zan yi. Ka ce kana so ka dawo gida ka nemi gafarar Baba, ka tambaya ko yana fushi da kai.

Bai yi fushi da kai ba ko na rana ɗaya, na tsare maka wannan. Baba ya rasu ranar goma sha ɗaya ga Disamba, da hantsi. Na aika a gaya maka a biro, aka ce kana taro, an karɓi saƙo. Daga takardarka na gane ba a ba ka ba, ko kuwa an ba ka cikin tarin takardun da ba ka buɗewa. Ban san wanne ya fi muni ba.

Kwana biyu kafin rasuwarsa ya sa na ciro takardar nan ta keken rubutu in sake karanta masa. Ta yi laushi don ninki. Na karanta masa ƙaryata kamar yadda na saba, kalma bayan kalma, don ya haddace ta, in na sauya sai ya gyara mini. Da na kai wurin girbi ya ce bana an yi girbi da wuri, wataƙila ba ka sani ba. Na fita bayan rumbu na yi kukan da ban yi ba ranar Inna.

Mun binne shi kusa da iyayensa. Da dangi suka zauna rabon kayansa, ba wani abin kirki, fartanya biyu, jakar fata, riga, sai wandon. Gwaggo Dada ta ce wannan ba a raba shi, a mayar wa wanda ya aiko. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, na ga ba wanda za ta amfana, na karɓi wandon na kawo gida.

Zuliha ta wanke shi. Na ɗaga shi ga rana yadda nake yi wa kowane wando. Damina biyu a gona, gwiwa ta yi fari, bakin ƙafa ya ɗan zare, amma tsakanin ƙafafu haske bai ratsa ba, ƙusa ko ɗaya ba ta fita ba. Na iya zaɓen wando, wannan kam ba mai ƙwace mini.

Ga shi nan Tanimu zai kawo maka, wannan karon na rubuta sunanka da manyan baƙaƙe. Takardarka ta keken rubutu na cikin aljihun dama, ka karanta abin da ka aiko wa ubanka. Igiyar kabar ma na bar ta a jiki.

Ɗaki yana nan a Sabon Gari, ba zan hana ka ba, uwa ɗaya uba ɗaya muke. Amma ban auna maka a wuyana ba, na daina. Tanimu ya ce ka rame ƙwarai. Ka sa maɓalli ka kewaya a naka wuyan. In ya haɗu a ƙeya, ka sa shi ka shigo mota, ka ce a sauke ka a Tibiri. Zan jira ka a bakin hanya in nuna maka inda yake kwance.

Yayanka,
Ilyasu Maidawa