Idon Uwarka

Zuwa ga Abdulmalik, a Fatakwal.

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara rufin asiri. Mu nan Yakasai lafiya lau, in ka cire uwarka Talatu, ita ce kuma dalilin takardar nan, tunda waya kana ɗauka ne ranar da ka ga dama.

Shekara hamsin da biyu ke nan hakiya ta rufe idonta na hagu, tun ƙyandar da ta kwantar da mu tare muna yara. Da farin idon nan ta yi aure, da shi ta goya ka, da shi take zare wa 'yan kasuwar Kurmi ido in sun yi mata tsada. Ba wanda ya taɓa cewa ya tsone masa ido sai kai, da ka ga hotonta bai dace da bangon falonka ba. Ka matsa sai an kai ta asibiti an tsattsaga baƙin launi a kan farin. Likita ya faɗa ƙarara cewa gani ba zai dawo ba, ado ne kawai, kuma kada komai ya shiga idon sai maganin ɗigawa. Sati uku launin ya fara koɗewa. 'Yar marina ce uwarka, a gidanmu in rini ya koɗe ƙari ake yi. Ta ɗauko tandu ta cika idon da kwalli, safe da yamma, don kada ka kira ta bidiyo ka ga aikinka ya lalace.

Yanzu idon ya yi gyambo, yana ruwa, haske ma ba ta so. 'Yata Sa'ida ce ke ɗiga mata magani duk awa. Likita ya ce in bai lafa ba zuwa Alhamis, za a cire shi a sa na roba. Talatu ta ce ba mai taɓa shi sai ka zo. Kada ka turo saƙo, kada ka turo matarka. Ka hau mota.

'Yan uwanka Gwadabe da Husaina suna gaishe ka. Ni na riƙe tawa gaisuwar sai na gan ka a zaure. Hotonta na da, mai farin idon, na sa an wanke maka babba. Ka tanadi ƙusa.

Kawunka,
Ɗalha