Kwanona Mai Jan Fure

Litinin, 1 ga Yuli, 2024
Tuwon yau bai kai ko'ina ba. Kwanona ne mai jan fure, cike kamar kullum, amma loma kaɗan sai ga gindinsa. Matata Falmata ta ce wai lomata ce ta ƙara girma. To.

Laraba, 3 ga Yuli
Kara, kasuwar shanu, ta cika, ni kuwa yunwa kamar ta kashe ni. Tun ranar da likitan nan ya ce sukarina ya hau, wai kitsen ciki ke hana jiki sarrafa shi, in ban rage ƙiba ba ciwon zai zauna, gidana ya canza. Kuskurena da na tafi asibitin da Falmata. Shi likita me ya sani? Dillalin shanu ba tumbi, wa zai miƙa masa igiya?

Asabar, 6 ga Yuli
Na auna kwanon. Da taƙi ɗaya ne cif, yau saura yatsa biyu ya cika taƙin. Furen iri ɗaya. Wallahi an musanya! Na tambaye ta, ta ce, "Alhaji, kwano ma ramewa yake yi?" Ko murmushi babu. Matar nan!

Talata, 9 ga Yuli
Shayi ma lami. Ina zargin matar yayana Kyari, ita da Falmata sun cika ƙus-ƙus a waya.

Juma'a, 12 ga Yuli
Daga masallaci na wuce unguwar Dogo Tebo duba Ya Kyari. Tun da sukari ya sa aka yanke masa ƙafa ban je ba, tsoro nake ji, gaskiya. Takalmi wari ɗaya a bakin ƙofa. Ya dubi cikina ya ce, "Babaji, ka tuna nawa ya fi naka? Haka nake shafa shi ina dariya."
Ban daɗe ba. A keke napep ƙafata ta hagu ta yi ta tsikara. Zama ne kawai. Zama ne.

Lahadi, 21 ga Yuli
Falmata ta tafi suna unguwar Hausari, na bincike kicin. Ga shi bayan buhun gero, naɗe cikin tsohon zani, kwanona na asali. Ashe da gaskiyata! Na daɗe riƙe da shi ina shirya abin da zan faɗa mata.
Na naɗe na mayar, har ƙullin na yi irin nata.
Da yamma ta ga saura a ƙaramin, ta ce, "Ka ƙoshi ne?" Na ce miyar ce ta yi gishiri.