Ba Allurar Kano Ba Ce

Da sunan Allah. Ni Halliru, likitan haƙori a Ƙaraye, na rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, a watan Rajab na 1994. 'Ya'yana Lukumanu, Maijidda, Tasalla, ku karanta tare.

1. Gida da gona a raba yadda shari'a ta ce.

2. Filayoyina na cire haƙori da kujerar aiki na Lukumanu ne, tunda shi ya bi sawuna. Amma ka sani, sana'ar nan tana cin hannu. Shekara ashirin ina damƙe da ƙarfe a bakin mutane, sai babban yatsana da biyun da ke kusa da shi suka fara mutuwa. Ran nan filaya ta suɓuce mini, ga tsohuwa ta buɗe baki tana jira.

3. Na gaya wa duk gari allurar da aka yi mini a Kano ce ta warkar da ni. Ƙarya na yi. Baffanku Ƙasimu ne, maɗorin garin Fulatan, ƙanena da ko aji ɗaya bai yi ba. Wata huɗu, kowace Talata, nakan hau babur in ce na tafi aiki Rogo, in shiga gidansa ta bayan danga. Ya shafa man kaɗanya, ya bi jijiya daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, ya lanƙwasa, ya ja yatsun ɗaya-ɗaya, har suka farfaɗo.

Me ya sa na ɓoye? Ƙyashi, ba wani abu ba. Ni ke da takarda, amma yara in sun hango ni sai su ruga. Shi kuwa, mutane fita suke daga zaurensa suna sa masa albarka. Ko mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, in ƙafa ta dame ta shi take kira. Labarin allurar ya kai kunnensa, bai ce uffan ba. Wallahi shirun nan ya fi ƙona mini rai, shi ya sa na hana ku gidansa shekara tara.

4. Ranar sadakar uku, Lukumanu ya tashi ya faɗi wannan gaban jama'a. Kada ka rage komai, na san ka da kara.

5. Ƙasimu ne zai yi mini wanka. Kada ku zaci na huce. Har yanzu ina ƙyashin hannun nan nasa, Allah ya yafe mini. Amma ban san wanda ya fi shi iya riƙe jikin mutum ba.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Ku riƙe baffanku, shi ne ubanku yanzu. Kai kuma Lukumanu, ranar da yatsunka suka fara mutuwa, ka tafi Fulatan da rana tsaka, ka shiga ta ƙofar zaure, kowa ya gan ka.