Na Kwance Dutsenka, Baba

Zuwa ga mahaifina, Baba Ayuba,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana hutawa lafiya inda kake. Mu nan lafiya muke, ruwa ya sauka.

Ban gama ajiye jakata daga Kaduna ba ƙanenka, Baba Danladi, ya tare ni da maganar taraktarka. "Rifkatu, abin nan ya mutu tare da mai shi. Ko garma ba ya iya ɗagawa. 'Yan bola na Kachia za su zo ran Asabar su kwashe." Da muryar wa'azin jana'iza ya faɗa. Ka san ba ƙarfen ne a ransa ba. In tarakta ta tafi, Mama ba za ta iya noma babbar gonar citta da fartanya ba, kuma a al'adarmu gonar da gwauruwa ta bari ta zama saura, hannun 'yan'uwan miji take komawa.

Na ce a ba ni zuwa Asabar ɗin. Aka yi mini dariya mai ladabi.

Kai ma da kana nan, da ka yi dariyar. Ranar da na gama karatun injiniya ka miƙe a majami'a kana ba da shaida har fasto ya fara duba agogo. Amma ko sau ɗaya ba ka bar ni na riƙe maka sifana ba. Kullum maganarka ɗaya ce: "Mai hannun ofis, koma inuwa."

Injin ba shi da laifi. Na aro batirin motar fasto, tarakta ta yi tari, ta tashi. Matsalar tana baya, inda hannayen ƙarfe biyu suke ɗaga garma. In na ja liba, sai garmar ta tsaya tana shawara, can ta ɗaga kafaɗa ɗaya, ɗayar tana jan ƙasa. Duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, ramin fin ya cinye ya koma kamar ƙwai. Wani wurin ma ba fin ɗin, ƙusar rufin kwano ce ka lanƙwasa. Ban yi mamaki ba. Na tuna yadda kake ɗora matan zumunta a kan garmar nan da tulunansu na kiɗa, ka kai su biki ƙauyukan bayan Zonkwa, suna waƙa kana amshi. Waɗanda suka ƙera ta ba su san za ta ɗauki mawaƙa ba.

Sai kuma dutsenka, wanda ka ɗaure da robar taya a gefen hagu na garma tun ina ƙarama. Bayan rasuwarka ya sami tarihi. Wasu sun ce daga kan tudun kakanni ka ɗauko shi, wata tsohuwa ta rantse an yi masa addu'a. Da na sa wuƙa a robar, Baba Danladi ya ɗaga murya: "Kada ki taɓa! Shi ke riƙe da albarkan gonan nan."

Na yanke. Na riga na ga abin da yake riƙewa. Sandar dama mai zare, wadda ake murɗawa a daidaita garma, tsatsa ta cije ta, wataƙila tun kafin a haife ni. Garma ta karkace, kai kuma maimakon ka nemo kananzir, ka nemo dutse. Dabara ce, Baba, ban hana ka ba. Amma shi ya sa ake gane kunyoyin gonarmu tun daga titi, mu kuma muna alfahari wai salonka ne.

Na loda hannayen a motar haya zuwa Kafanchan. Mai walda ya cike ramukan aka sake huda su, wani ya feƙe mini sababbin fin na ƙarfe daidai awon da na ba shi. Ya ce, "Madam, ki gaya wa makanikinki ya iya awo." Na ce zai ji.

Sandar mai zare ce ta ba ni wuya. Na jiƙa ta da kananzir, na gasa ta a kan garwashin Mama, na buga, na murɗa, na sake jiƙawa. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Da ta saki, sai da na zauna a ƙasa na yi dariya ni kaɗai.

A kan simintin da kake shanya citta na mayar da hannayen na daidaita garmar, don shi kaɗai ne wurin da ba tudu ba kwari a gidan. Na ɗauko tef ɗin ɗinkin Mama, ina auna hannun hagu, ina murɗa na dama, har suka yi kai ɗaya. Na ɗaure sarƙoƙin gefe kada garma ta riƙa dukan taya, na sa giris, na zubar da abin da kake kira mai na zuba mai na gaske.

Ran Asabar motar 'yan bola ta iso, rabin unguwa ta biyo ta. Na hau, na tayar, na ja liba. Garma ta tashi gaba ɗaya, a miƙe, ba ko ƙara. Na kashe injin na bar ta a sama don masu shakka su ƙoshi da kallo. Ba ta sauko ba. Daga nan na wuce gona, mutane na biye. Kunyar farko ta fito sambal daga bakin hanya har gindin ɗorawa. Mama, wadda ban ji guɗarta ba tun kafin ka kwanta ciwo, ta saki wata har tsuntsaye suka tashi. Baba Danladi ya gyara hula ya ce, "Ai dama na sani, yarinyan nan jininmu ne." 'Yan bola suka tafi da tsohuwar ganga da ƙashin keke.

Na noma gonar duka kafin rana ta yi zafi sosai. Kujerar ta lotsa daidai zamanka, ba nawa ba, sai da na sa matashi. Kan libar ya yi santsi inda tafinka ya saba kwanciya. Kowane juyi na yi a ƙarshen kunya, sai na sami kaina ina duban gefen gona, ko zan gan ka tsaye da hannu a baya kana neman kuskure. Da na ba ka ɗaya, Baba, don dai ka yi magana.

An shuka cittar jiya, an rufe ta da ganye. Yau da safe na mayar da tarakta rumfarta, na sauke garma a hankali ta huta a ƙasa. Na ja ƙofar kwanon nan, ta yi kukanta, na sa kwaɗo, na damƙa wa Mama makulli. Ta ƙulle shi a bakin zanenta. Mai babur yana jirana a ƙofar gida zai kai ni tasha.

Ubangiji ya ba ka hutu cikin salamarsa, ya ba Mama ƙarfin cin amfanin gonarta, ya haɗa fuskokinmu a ranarsa. Amin.

Taka har abada,
Rifkatu